Wane takalmin birki ya dace da keken tirayal a Legas?

"Assalamu alaikum Oga. Ina zaune a Agege. Na sayi keken tirayal na gwanjo mai taya inci 26, birkin baya Magura HS33 ne mai matse rim, na gaba kuma na faifai. Wata huɗu ke nan ina koyon tsalle a kan tayar baya. Matsalata ita ce, duk lokacin da na ɗora tayar baya a bakin dakali ko kan kwalbati, sai ta sulale ta koma baya ko da na matse birki iya ƙarfina. Sau biyu ina faɗuwa ta baya. In an yi ruwa kuwa kamar babu birkin ma. Wani abokina ya ce in sayi takalmi mai ruwan ɗorawa, wani ya ce kore, wani kuma ya ce in shafa kwalta kawai. Kuɗin yin oda daga waje ba kaɗan ba ne, ba na so in saya sau biyu. Wanne zan saya?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya kiyaye gaba. Kafin mu shiga maganar birki, ina roƙonka kada ka ƙara hawa tayar baya ba hular kwano a kanka. Faɗuwa ta baya ita ce mafi muni a wannan wasa na tirayal, wato hawa da tsallake cikas da keke, domin ƙeya ce ke fara isa ƙasa, hannu ba ya samun damar tarewa.

Ka tambaye ni launin takalmi, amma abin da ke damunka shi ne tayar baya ba ta tsayawa cak a lokacin da nauyinka duka yake kanta. Shekaru ke nan ina gyaran kekuna a garin nan, wasan ma na yi shi sosai, kuma yawancin waɗanda suka zo mini da irin kukanka, in na duba sai in tarar ba a takalmi kaɗai gizo ke saƙa ba. Takalmin birki gefen rim yake takawa. In ba ka san irin gefen da zai taka ba, ko ka sayi mafi tsada a duniya, caca ka yi da kuɗinka. Don haka da rim za mu fara, takalmi ya biyo baya.

Aikin birki a wannan wasa

Tirayal daga wasan babura ya fito. A yankin Kataloniya na ƙasar Sifen, a shekarun 1970, wani ɗan wasan babur mai suna Pere Pi da ke aiki da kamfanin Montesa ya ƙera wa ɗansa Ot Pi ƙaramin keke don ya koyi hawa duwatsu. Yaron ya girma ya zama zakaran duniya, uban kuma ya kafa kamfanin kekuna na Monty. Tun daga lokacin ƙa'idar ba ta canza ba: ka bi ta kan cikas ba tare da ƙafarka ta taɓa ƙasa ba.

Wannan ƙa'ida ce ta sa birkinmu ya bambanta da na kowa. Mai keken da ke gangarowa daga kan gada yana so birki ya rage masa gudu a hankali, kada ya kife. Kai kuwa ba gudu kake yi ba. Abin da kake nema shi ne taya ta ƙame nan take da yatsa ɗaya, ta kuma saki nan take in ka saki. Mu kan raba wannan gida biyu. Akwai cafka, wato yadda takalmi ke damƙe rim a daidai lokacin da ka taɓa hannun birki. Akwai kuma riƙo, wato yadda yake ci gaba da riƙewa bayan nauyi ya sauka a kansa. Takalmi na iya zama mai cafka kamar kare, ya yi ƙara har maƙwabta su leƙo, amma da ka dira a bakin dakali sai ya saki. Naka riƙo ne ya rasa, kuma riƙon baya, wanda ya fi wuya. In tayarka ta sauka a kan kusurwar siminti, rabinta a sama rabinta a iska, nauyinka yana jan ta ta juya baya ne, ba gaba ba. Birkin keken hawa na yau da kullum ba don wannan aka yi shi ba.

Ina kyautata zaton baƙin takalmin Magura na asali ne a kekenka, ko kuma wani tsohon takalmi da ya zo da shi. Baƙin nan roba ce da aka haɗa don tafiyar yau da gobe, don ta daɗe kuma ta rage gudu cikin natsuwa. Takalman tirayal kuwa galibi da foliyuretan ake yin su, irin robar da ake yin tayoyin allon sulu da ita. Ita ce ke iya nutsa cikin kaushin ƙarfe ta kama, ba tare da ta narke ko ta yayyage da wuri ba.

Rim mai sulɓi, ko gurzajje?

Ka ɗaga kekenka yanzu ka shafa gefen rim na baya da farce. In farcen ya wuce sumul, ko rim ɗin ba a taɓa gurza shi ba, ko kuma gurzar da mai shi na farko ya yi ta cinye. Kekunan gwanjo da ke shigowa Legas kusan duka haka suke zuwa, gefen ya yi sheƙi, ana ganin sawun tsohuwar gurza amma babu kaifi.

Rim mai sulɓi yana aiki da takalmi mai laushi, amma da sharaɗi: a bushe, kuma a tsaftace. A rana mai kyau cikin Janairu za ka ji daɗinsa, ba ya cin takalmi, ba ya cin rim. To amma ka dubi inda muke. Ruwa yana farawa tun Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan huta a Agusta, ya dawo Satumba da Oktoba. Ko ba a yi ruwa ba, ruwan kwata na kwance a gefen titi, ga baƙin man motocin haya na danfo da na janareta yana yawo a samansa. Taya ta taka sau ɗaya, ta fantsama wa rim, shi ke nan birki ya tafi hutu. Ruwa yana zama ne tsakanin roba da ƙarfe kamar sabulu, kuma a kan ƙarfe mai sulɓi ba shi da inda zai gudu. A hunturu ma ƙura na yin kusan irin wannan ɓarna.

Shi ya sa masu gasa ke gurza gefen rim da injin gurza ƙarfe irin na masu walda. Gurzar tana barin dubban ƙananan haƙora, su ne ke huda ruwan su shiga cikin roba. A ganina, duk mai son yin tsallen tayar baya a Legas da birkin rim, to ya gurza na baya. Ban ga wata hanya da ta kai wannan ba.

Ga yadda nake yi a shago. In cire taya da tif gaba ɗaya, in kwantar da wili a kan tsohuwar taya a ƙasa, in taka shi da ƙafa ɗaya. In sa tabarau na kariya, wannan ba abin wasa ba ne, domin tsinken alminiyam in ya shiga ido sai asibiti. Siririn faifan yankan ƙarfe nake ɗaurawa, sabo mai kaifin baki, ba mai kaurin nan da ake goge walda da shi ba. Sai in jingina bakinsa a gefen rim a karkace, in riƙa jan sa da sauri ba tare da na danna ba, nauyin injin ya isa. Taku kamar tsawon tafin hannu, in juya wili, in ci gaba. Sawun ya kamata ya fito a gicciye, daga ciki zuwa waje, kamar haƙoran magagari. In na miƙar da faifan tsaye gurzar ta fi kaifi, in na kwantar da shi ta fi laushi. In an gama, gefen zai yi fari fat, kuma in ka shafa da yatsa za ka ji yana kama fata. Duka aikin bai kai minti goma ba.

Abin da nake so ka kiyaye shi ne hannun da zai yi maka. Akwai yaron da ya taɓa kai wilinsa wurin wani mai walda, mutumin ya ɗauka tsatsa ake so a kankare, ya danna faifai mai kauri ya zagaye sau uku. Da yaron ya kawo mini, gefen ya lotsa kamar cokali. Na ce kada ya hau, bai ji ba. Bayan kwana biyu yana ba taya iska gefen ya tsage da ƙara kamar bindiga. Allah ya taimaka ba a kan dakali yake ba. Kowace gurza tana cin ƙarfe, rim yana da iyakar yawan da zai iya ɗauka. Rim ɗin tirayal na gaske yana da kaurin gefe saboda haka, amma siririn rim na keken kasuwa ko na ƙarfe mai kurom ba a gurza shi. In za ka kai wa mai walda, ka tsaya a kansa, ka ce ya gwada a kan mataccen wili tukuna.

Maganar kwalta kuwa, abokinka bai yi ƙarya ba, tsofaffin 'yan wasa sun yi amfani da ita, ni ma na yi. Ana ɗan zizara ɗanyen gutsure a gefen rim mai sulɓi, cafka ta ƙaru nan take. Amma a zafin Legas na Fabrairu da Maris kwalta laushi take yi, takalmi ya manne ya ƙi sakin rim a daidai lokacin da kake son taka feda ka yi tsalle, kuma duk yashin da ke ƙasa sai ya liƙe a jiki. In ruwa ya taɓa ta kuma, ta fi rim ɗin da ba a shafa wa komai ba santsi. Wata rana da yamma a Obalende yayyafi ya same ni da kwalta a rim, na ɗora taya a kan wani ɗan gini da bai kai gwiwa ba, ta zame, na dafa ƙasa da hannun hagu. Wata biyu na yi ban riƙe sufana da wannan hannun ba. Tun ranar ban ƙara shafa ta ba, ban kuma ƙara ba kowa shawararta ba.

Yadda ake kwatanta takalman

Launi ba ma'auni ba ne. Kowane kamfani yana rina robarsa yadda ya ga dama, ruwan ɗorawan wannan ba shi ne ruwan ɗorawan wancan ba. Abokanka sunayen da suka ji suke faɗa maka. Mai ruwan ɗorawa da aka fi sani na Heatsink ne, ƙaramin kamfani a Birtaniya. Koren kuwa na gidan Coustellier ne a Faransa, gidan da ya fitar da Gilles Coustellier, wanda ya ci gasar duniya sau da dama. Akwai TNN na Ostireliya, akwai Trialtech, Jitsie da Echo. Duk waɗannan masu wasa na gaske suna hawa da su, kuma a kan gurzajjen rim da aka ɗaure birkinsa daidai, bambancin da ke tsakaninsu bai kai bambancin da ke tsakanin kowannensu da baƙin takalmin da ke kekenka ba. Wanda ya shekara goma yana wasa zai ji ɗan bambancin a yatsansa. Kai da ke wata huɗu, ba shi ne zai hana ka faɗuwa ba.

Abin dubawa na farko shi ne tauri. Ana auna taurin roba da ma'aunin Shore A. Tayar mota tana wajen 60 zuwa 70, takalman tirayal galibi sun haura 80. In mai sayarwa bai rubuta lamba ba, zai rubuta irin rim ɗin da takalmin ya dace da shi, kuma wannan layin ya fi komai muhimmanci a shafin da ya tallata kayan. Mai laushi na rim mai sulɓi ne ko gurza marar kaifi. Ka ɗora shi a kan gurza mai kaifi, zai kama da kyau na 'yan kwanaki, sannan ka ga garinsa yana zuba a kan firam kamar an goga magogin fensir, kafin wata ya ƙare ya cinye. Mai tauri na gurza mai kaifi ne. Ka ɗora shi a kan rim mai sulɓi, zai zame kamar yadda naka ke yi yanzu, har ka ce an cuce ka, alhali ba laifin takalmin ba ne. Mai matsakaicin tauri a kan matsakaiciyar gurza shi ne abin da nake ɗaura wa masu koyo, domin yana ci gaba da riƙo ko bayan gurzar ta fara dakushewa, kuma mai koyo ba ya gurza rim kowane mako.

Na biyu shi ne gindin da robar ke zaune a kai. Akwai na roba mai tauri, akwai na alminiyam. Na roba ya fi araha, amma yana ɗan lanƙwasa in an matse, kuma riƙon baya shi ke fara karya ƙugiyarsa. Na alminiyam ba ya lanƙwasa, birki ya fi jin tauri a yatsa, kuma in robar ta cinye sai ka ɓamɓare ta, ka goge ramin, ka manna sabuwa da sufa gulu. Ga wanda ke Legas yana biyan kuɗin jirgi da na kwastan a kan canjin dala, wannan lissafi ne mai kyau: ka sayi gindin sau ɗaya, daga baya robar kawai za ka riƙa saye, wadda ba ta da nauyi, duk wani mai dawowa daga tafiya zai iya saka maka a aljihun jaka.

Ka kuma tabbata na Magura ka yi oda. Nasu maƙalawa ake yi a bakin fistin, wato abin da man birki ke turowa ya danna takalmi a kan rim, na birkin waya mai siffar V kuwa noti ne da washa. Ba sa shiga wurin juna. Haka nan takalman da ake yaba wa a keken titi, irin su Kool-Stop mai launin naman kifin salmon da ke aiki sosai cikin ruwa, nagari ne a wurinsu, amma gurzajjen rim zai cinye su ba su ba ka riƙon da kake so ba.

Sai wani abu da ya shafe mu musamman. Ka taɓa sayen takalmin ƙafa na gwanjo mai kyau, ka sa sau biyu ƙasansa ya ruguje kamar burodi? Wasu nau'o'in foliyuretan haka suke yi in sun daɗe cikin zafi da laima, kuma Legas ba ta rasa ko ɗaya. Don haka kada ka tara takalma da yawa don gudun tashin dala. Saiti ɗaya a keke, robar canji ɗaya a cikin leda mai rufewa, nesa da rana. Takalmin birkin da ya zo a jikin keken gwanjo kuwa, ka danna masa farce. In ya ƙame kamar ƙashi ko yana tsattsagewa, zamaninsa ya wuce ko da bai cinye ba.

Ɗauri, inda mutane ke asarar rabin birkinsu

Na sha ganin takalmi mai tsada a ɗaure a karkace. A keken titi ana ɗan karkata gaban takalmi don ya rage ƙara. A tirayal ba a yin haka, fuskarsa duka ake so ta sauka a kan rim lokaci ɗaya, sama da ƙasa, gaba da baya. Ka sassauta notuna huɗun da ke riƙe da fistin, ka saita kowane gefe ya zama tazararsa da rim kamar milimita 2, ka duba ta sama ka duba ta baya, sannan ka ɗaure a hankali kana bi ɗaya bayan ɗaya. In wili yana rawa ba za ka iya matso da takalmi kusa ba, sai a fara ɗaure wayoyinsa ya miƙe.

Bayan haka ka matse hannun birki da ƙarfi kana kallon ƙafafun firam na baya. In ka ga suna buɗewa, ƙarfin yatsanka a lanƙwasa firam yake ƙarewa, ba a rim ba. Maganinsa ƙarfen tallafi ne mai siffar kofaton doki da ake ɗaurawa a kan notunan nan, masu wasa na ce masa busta. Sau da yawa shi kaɗai yana gyara riƙon baya.

In hannun birki yana da laushi kamar soso, iska ce a cikin tiyo. A nan ka yi hattara ƙwarai. Magura man ma'adinai yake sha, nasu suna kiransa Royal Blood. Man birkin mota da za a miƙo maka a kasuwar kayan mota ta Ladipo in ka ce man birki kake nema, wato DOT, yana lalata robobin cikinsa, birkin ya fara yoyo. Ka shafa yatsa a bayan takalmi da bakin fistin, in ka ji maiƙo to mai na zuba a kan rim, kuma babu takalmin da zai riƙe a kan mai. Wurin tsaftacewa, sifirit na kemis da tsumma mai tsafta sun isa. Ban da fetur, ban da kananzir, kuma in kana zuba wa kaca mai ka rufe rim da kwali. In fuskar takalmi ta yi sheƙi, ka shimfiɗa samfefa a kan tebur ka goga ta a kwance sau kaɗan.

Da ni ne a matsayinka

Ban ga kekenka ba, daga bayaninka kawai nake magana, kuma akwai abin da sai hannu ya taɓa, kamar kaurin da ya rage a gefen rim ɗinka. In ya riga ya lotsa, kada ka gurza, sabon rim za ka nema kafin takalmi. Ka kuma sani ko gurzajjen rim yana rage riƙo in ya jiƙe sharkaf, ragewar ce dai ba ta kai ta mai sulɓi ba. Birkin faifai ya fi jure ruwa, shi ya sa masu wasan titi irin su Danny MacAskill na Sikotland ke hawa da shi gaba da baya, amma sai firam ɗinka yana da mazauninsa, kuma a babbar taya inci 26 za ka ji wayoyin wili suna ɗan ba da kai kafin taya ta ƙame. Ba zan ce ka canza ba. HS33 da ke hannunka birki ne da aka ci gasa da shi.

Wannan makon kada ka sayi komai tukuna. Ka duba yoyo, ka miƙe wili, ka saita takalmin da kake da shi, ka wanke rim. In gefen na da kauri, a yi masa matsakaiciyar gurza. Ko da baƙin takalmin za ka ji canji, duk da zai cinye da sauri. Sannan ka yi odar saiti ɗaya na baya, mai gindin alminiyam, mai matsakaicin tauri, wanda aka rubuta na gurzajjen rim ne, daga cikin kamfanonin da na ambata, duk wanda ya fi sauƙin isowa hannunka. In kuɗi ya rage, busta.

In sun iso, kada ka fara da kwalbati. Ka sami ɗan dakali da bai wuce tsawon tafin hannu ba, irin waɗanda ke harabar filin wasa na Surulere, ko bakin titin unguwarku da sassafe kafin 'yan achaba su fito. Ka tsaya a ƙasa gefen keken, ka ɗora tayar baya a kan kusurwar, ka matse birki da yatsa ɗaya, ka danna firam ƙasa da baya da duk nauyinka. Ka zuba wa bakin takalmi ido. In rim bai motsa ba, ka yayyafa masa ruwan leda ɗaya ka sake. In ya ɗan yi ƙara ya tsaya, ka hau. In kuwa har yanzu yana sulalewa, ka lura ko firam ne ke buɗewa, ko hannun birki ne ke kai wa ga sitiyari, ko takalmin ne ke motsi a mazauninsa, ka rubuto mini wanne ka gani daga cikin ukun.